JARRABAWAR ILMIN MUHALLI: NASIHA GA IYAYE DA ƊALIBAI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya saukar da ruwa daga sama, ya fitar da tsirrai iri iri domin amfanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana masu karatu, a makon jiya wani Alhaji mai sayar da hatsi a Kankiya ya same ni a zaure bayan sallar La'asar, muka gaisa, sa'an nan ya ce tambayoyi biyu ne suka kawo shi. Ɗansa yana ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar fita kuwa ta gabato. Ya ɗauki littafin rubutun yaron ya duba, sai ya tarar da zanen gajimare da itatuwa da magudanar ruwa da shara. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan shi ma karatu ne da mutum zai ɓata dare a kansa?" Tambaya ta biyu kuwa, ya sassauta murya kafin ya yi ta. Wai wani ya gaya masa in ya ba da wasu 'yan kuɗi za a shigar wa yaron amsa har cikin ɗakin jarrabawa, shi ne yake son ya ji ko akwai laifi, tun da dai ba kuɗin kowa zai ci ba.

Na ba shi amsa gwargwadon abin da ya sawwaƙa. Da ya tashi na ga ya kyautu in kawo zancen cikin wannan fili, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba a Kankiya da Kusada da sauran garuruwanmu.

MATSAYIN WANNAN ILMI A SHARI'A

Abin da ake kira ilmin muhalli shi ne sanin yadda ƙasa da ruwa da iska da tsirrai da dabbobi da ɗan Adam suke dogara da juna, da yadda ɓarnar ɗaya take shafar sauran. A makarantunmu na sakandare yaro yana gamuwa da shi cikin darussa da dama, watau ilmin halittu, da labarin ƙasa, da ilmin aikin gona. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, duka biyu suna yin tambayoyi a kan zaizayar ƙasa, da fari, da kwararowar hamada, da sare dazuka, da gurɓacewar ruwa da iska, da hanyoyin adana albarkatun ƙasa.

To, mene ne hukuncin neman irin wannan ilmi? Imamul Gazali ya yi bayani cikin Ihya'u cewa duk ilmin da al'amuran jama'a ba su tsayuwa sai da shi, kamar likitanci da lissafi, farilla ne na kifaya. Ma'ana, in wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa sauran, in kuwa kowa ya bar shi, to, gari duka ya shiga laifi. Yanzu sai mu tambayi kanmu, garin da rijiyoyinsa ke ƙafewa, gonakinsa ke mutuwa, ciwon amai da gudawa ke ɗibar yaransa da damina, yana bukatar wanda ya san dalilan waɗannan abubuwa ko ba ya bukata? Amsa a fili take.

Alƙur'ani mai girma ya sanar da mu cikin Suratul Baƙara cewa an sanya ɗan Adam halifa a bayan ƙasa, a Suratu Hudu kuma Annabi Salihu ya tuna wa mutanensa cewa daga ƙasa aka fitar da su, aka kuma ɗora musu raya ta. A aya ta 41 ta Suratur Rum an danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata. Wanda aka ba amana kuwa dole ne ya san abin da aka ba shi tsaro, in ba haka ba ya ɓata yana tsammanin gyara yake yi.

Magabatanmu ba su raina irin wannan sani ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi babi cikin Muƙaddima a kan abubuwan da ake dubawa kafin a kafa gari, ya ambaci kyawun iska, da kusancin ruwa, da makiyaya, da gonaki, da wurin samun itace. A nan ƙasar Katsina an yi Shehu Muhammadu Alkashinawi, gwani a lissafi da ilmin taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya hore shi da kula da manoma da masu sana'a da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Saboda haka yaron da ke zanen gajimare da saiwar itace bai fita daga turbar malamanmu ba.

LITTAFI NA BIYU YANA BAYAN GARI

Babban abin da nake so ɗalibi ya riƙe shi ne wannan. Ilmin muhalli littattafai biyu gare shi, ɗaya na takarda, ɗaya kuma Allah ya shimfiɗa shi a bayan gari. Yaron da ya haddace na takarda kaɗai, in aka juya masa tambaya sai ya ruɗe. Wanda ya haɗa biyun kuwa, ko ta ina aka ɓullo masa zai sami abin faɗi, domin da idonsa ya gani. Ɗan Kankiya da ɗan Kusada sun fi ɗan babban birni sa'a a wannan fanni, in da sun sani. Bari in kawo misalai.

Na farko, gawo. Kowane manomi daga Rimaye har Kafin Soli ya san gero da dawa sun fi kyau a gindin gawo, amma ba kowa ya san dalili ba. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tofo, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Bugu da ƙari, shi dangin wake ne da gyaɗa, a saiwarsa akwai ƙananan halittu masu kama sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zubar da kashi. Yaron da ya tsaya a gindin gawo ya fahimci wannan, ya gama da babin zagayen naitirojin da babin haɗa noma da itatuwa a zama ɗaya.

Na biyu, zaizayar ƙasa. Ɗalibi ya fita bayan ruwan farko ya dubi gonar da aka share ƙarƙaf, ya kuma dubi wadda aka bar mata kara da sabara da kalgo. Zai ga ruwan da ke fita daga ta farko ja ne, ya kwashi ƙasar sama wadda ita ce mai albarka, har ya fara yanka kwari. Ta biyu kuwa ruwan yana tsayawa ya nutse. Da hunturu ma haka iska ke yi wa ƙasar da ba ta da sutura. Daga nan ne kwararowar hamada take farawa. Mutane da yawa suna zaton hamada yashi ne da ke tafiya daga arewa kamar rundunar yaƙi, alhali kuwa sau da yawa a cikin gonarmu take haihuwa, ta hanyar sare itace, da yawan kiwo a wuri guda, da noman da ba hutu ba taki, sa'an nan fari ya zo ya ƙarasa. Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Katsina ta Yashe da Gidan Mutum Ɗaya ya ga tarin itacen girki da buhunan gawayi a bakin titi, sai ya tambayi kansa daga ina suka fito, kuma wa ya dasa madadinsu.

Na uku, tarihin da ke bakin tsofaffi. Yaro ya zauna wurin kakansa ya tambaye shi farin 1973 da na 1984, yadda dabbobi suka mutu, da yadda mutane suka bar garuruwansu. Ya tambaye shi kamu nawa ake haƙa rijiya a da kafin a cim ma ruwa, kamu nawa ake yi yanzu. Sa'an nan ya haɗa da abin da littafi ya faɗa game da Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma na haka. Ya kuma san cewa ƙarancin ruwa da yawansa duka fitina ne in ƙasa ta lalace, domin ambaliyar da aka yi a Jibiya cikin watan Yuli na 2018 ta halaka mutum fiye da 40 a dare ɗaya.

Na huɗu, magani. Mai tambaya ba ya tsayawa a kan cuta, sai ya nemi a faɗi hanyar gyara. A nan ɗalibi yana da misalai na kusa. Akwai shirin dashen itatuwa na Katsina da aka fara a 1987 da taimakon ƙasashen Turai, wanda ya raba irin itatuwa ya kuma kafa shingayen tare iska a arewacin jiha. Akwai shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Katsina kuwa tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma misalin da ya fi ba ni sha'awa na maƙwabtanmu ne na Maraɗi da Damagaram. Tun daga wajen 1984 manoma a can suka fara abin da suke kira sassaben zamani, watau in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an rayar da fili wajen hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da an sayi iri ko an yi ban ruwa ba.

ABIN DA ƊAN ISLAMIYYA YA RIGA YA SANI

Yaron da ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala ya shiga wannan ilmi da guzuri. Babin tsarki da ruwa yake farawa, an koya masa cewa ruwan da najasa ta canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba a alwala da shi. Ilmin zamani ya zo ya ƙara masa cewa ruwa yana iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko na zazzaɓin taifot, saboda haka ake hana haƙa masai kusa da rijiya, ake kuma tafasa ruwan sha. Abu Dawuda ya ruwaito hani mai tsanani a kan yin bayan gida a mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Wannan shi ne tushen babin tsabtar gari.

Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga ciki sadaka ce gare shi. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, inda ya hana su sare itace mai 'ya'ya ko da a fagen yaƙi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe fili a Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe na Rabaza. Kalmar hurumi da muke faɗi daga Larabci ta fito, kuma abin da hurumi da burtali da gandun daji suke yi shi ne littafin makaranta yake kira adana albarkatun ƙasa. Ɗalibi ya riƙe wannan a zuciya domin ya ƙara masa fahimta da kyakkyawar niyya, amma a takardar amsa ya rubuta abin da aka tambaye shi da kalmomin fannin.

TSARIN SHIRI

Karatun jarrabawa kamar noma yake, wanda bai yi huɗa da wuri ba ba ya girbi tare da mutane. Ɗalibi ya nemi manhajar hukumar jarrabawa daga malaminsa, ya lissafa babobin da ke ciki, ya raba su bisa makonnin da suka rage, ya bar makonni biyu na ƙarshe domin bita. Shehu Zarnuji cikin Ta'alimul Muta'allim ya yi horo da ɗaukar darasi kaɗan kaɗan, da yawan maimaita na baya, da muzakara tsakanin ɗalibai, da ribatar lokacin asuba. Wannan tsari shi ne muka tashi a kansa a zaure, kuma yana aiki a boko kamar yadda yake aiki a fiƙihu.

Abu na gaba, ya riƙa zane da hannunsa. Ya rufe littafi ya zana zagayen ruwa, daga tururin da rana ke ɗagawa, zuwa gajimare, zuwa ruwan sama, zuwa wanda ke gudu a kan ƙasa da wanda ke nutsewa ya zama ruwan rijiya. Ya zana wa ke cin wa a gona, daga gero zuwa fara, zuwa ƙadangare, zuwa shaho, sa'an nan ya tambayi kansa me zai faru in maganin feshi ya kashe ɗaya daga cikinsu. Ya koyi karanta taswira da jadawalin ruwan sama. Kowane babi kuma ya tsara shi gida huɗu, watau ma'anarsa, da dalilansa, da illolinsa, da hanyoyin magance shi, domin galibin tambayoyi a kan waɗannan suke zagayawa.

Tun da da Turanci ake amsawa, to, ga gwaji mai sauƙi. Yaro ya yi wa mahaifiyarsa ko ƙanensa bayanin babin da Hausa. In suka gane, ya fahimta ke nan, sai ya koma ya rubuta shi da Turanci ya gyara rubutun kalmomin. In ya kasa, to, hadda ce kawai ya yi irin ta aku. Daga nan ya nemi takardun tambayoyin shekarun baya, ya sa agogo gabansa ya amsa su kamar yana ɗakin jarrabawa, ya kai wa malami ya duba. Daren jarrabawa kuwa ya yi barci, kada ya kwana yana shan abin hana barci.

HAKKIN DA KE KAN IYAYE

Ku 'yan kasuwa, ku sassauta wa yaro zaman shago da aike a waɗannan watanni. Ribar da zai tsare maka cikin wata uku ba ta kai asarar maimaita shekara ba. 'Ya mace ma a rage mata aikin gida da talla, domin ita da namiji takarda ɗaya za a ba su. A tanadar musu fitila da wurin da ba hayaniya, a karɓe wayar hannu lokacin karatu, a biya kuɗin rajista a kan kari. Masu zuwa wurinmu neman addu'a kuwa, muna yi, kuma addu'ar iyaye ta fi tamu saurin karɓuwa. Sai dai ku tuna da abin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙumarsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Rubutun sha ba ya shigar da babin da yaro bai taɓa buɗewa ba.

Yanzu sai tambayar Alhaji ta biyu. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne, sai ya barrantar da kansa daga mai algus. Na ce wa Alhaji, kai da ke sayar da hatsi ka fi kowa sanin wannan. Takardar shaidar da aka samu da satar amsa buhu ne da aka sa mai kyau a baki, ciki kuwa tsakuwa. Mai ba da kuɗin, da mai karɓa, da malamin da ya rubuta amsa a allo, da mai sa ido da ya kau da kai, duk sun yi tarayya cikin zunubin. Ku ma'aikatan gwamnati da ake ɗora wa tsaron jarrabawa, ku sani amana ce za a tambaye ku ita.

Cewa da aka yi ba kuɗin kowa za a ci ba, kuskure ne. Da farko an ci haƙƙin ɗan talakan da ya kwana yana karatu, aka ture shi daga gurbin da ya cancanta. Sa'an nan a dubi inda takardar za ta kai yaron. A nan Kankiya akwai makarantar koyon aikin lafiya wadda ke horar da duba-gari da sauran ma'aikatan lafiya na karkara. Wasu yaran za su zama malaman gona, wasu malaman daji, wasu masu auna ruwan sha. In tushen karatunsu algus ne, rijiyar wa za su duba, ɗan wa kuma zai sha ruwan? A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe, mutane ba su san abin da ke cikinta ba. Irin wannan masifa ce ilmin muhalli yake karewa, in an same shi a hannun wanda ya san shi da gaske.

Yaron da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya faɗi, bai yi abin kunya ba, ya gyara ya sake zama, ƙofa a buɗe take. Alhaji ya yi mini alkawarin zai mayar da kuɗin nan ya saya wa yaron littattafai da fitila mai aiki da hasken rana, ranar Juma'a kuma su tafi gona tare ya nuna masa gawon da kakansa ya hana a sare. Ina roƙon sauran iyaye su yi koyi da shi.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya sa su ci jarrabawarsu da guminsu, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga cin amana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.